Makarantun Katolika a Amurka: Daga Tsakiyar Birni Zuwa Bayan Gari

A farkon shekarun 1960, makarantun ɗariƙar Katolika a Amurka sun kai kusan 13,000, ɗalibansu kuwa sun haura miliyan 5. A yau makarantun ba su cika 6,000 ba, ɗaliban kuma kimanin miliyan 1.7 ne. Sai dai wannan koma baya bai faɗa wa kowa daidai ba. Makarantun da ke tsoffin unguwannin talakawa a tsakiyar birane su suka fi shan wuya, yayin da na unguwannin bayan gari, inda masu ɗan hali suke zaune, suka fi samun tsayawa da ƙafafunsu, musamman ta hanyar karɓar ƙananan yara 'yan nazare.

Asalin waɗannan makarantu kāre kai ne. A ƙarni na 19, baƙin haure daga Ireland da Jamus, daga baya kuma Italiya da Poland, sun tarar da makarantun gwamnati ana karanta Littafi Mai Tsarki irin fassarar Furotesta. Gardama kan haka ta kai ga tarzoma a Philadelphia a 1844, aka kashe mutane, aka ƙona coci-coci. Da bishop-bishop suka taru a Baltimore a 1884, sai suka yanke cewa kowace coci ta gina makaranta a kusa da ita. Jihar Oregon ta yi yunƙurin tilasta wa dukan yara zuwa makarantar gwamnati, Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1925.

Abin da ya riƙe tsarin shekara da shekaru shi ne gumin sistoci, wato mata masu zaman zuhudu. Ba su da aure, ba su da 'ya'ya, suna kwana a gidan da coci ta ba su, abin da ake biyansu kuma bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa direban bas da mai wanki suke iya sa 'ya'ya biyar ko shida a makaranta ba tare da sun ci bashi ba, ragowar kuɗin kuma baikon ranar Lahadi ya cike. A 1965 akwai sistoci kusan 180,000 a Amurka. Yanzu ba su kai 40,000 ba, yawancinsu kuma tsofaffi ne. Malaman da suka gaje su mutane ne masu iyali, masu biyan haya da inshorar lafiya, dole a ba su albashi na gaske, albashin nan kuwa daga aljihun iyaye yake fitowa. Wannan shi ne babban dalilin koma bayan, sauran duk ƙari ne a kansa.

A daidai wannan lokaci jama'ar ma suka tashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta sauƙaƙa wa tsoffin sojoji rancen sayen gida, aka fara gina rukunin gidaje irin Levittown a 1947, dokar manyan hanyoyi ta 1956 kuma ta sa mutum zai iya kwana a bayan gari ya yi aiki a cikin birni. Jikokin baƙin hauren nan suka kwashe, suka tafi da baikonsu. Aka bar manyan gine-ginen makarantu a unguwannin da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka shigo, mutanen da suke son makarantun ƙwarai, amma ƙarfinsu bai kai ba.

Sannan gasa ta zo daga inda ba a zata ba. Jihar Minnesota ta kafa doka a 1991 da ta ba masu zaman kansu damar gudanar da makaranta da kuɗin gwamnati, sauran jihohi suka bi. Irin waɗannan makarantu da yawa sun ɗauki kayan makaranta iri ɗaya da tsauraran ƙa'idojin ladabi, abubuwan da aka san makarantun coci da su, kuma ba sa karɓar ko sisi. Wasunsu ma a gine-ginen makarantun Katolika da aka rufe suke haya. Abin kunyar lalata da yara da jaridar Boston Globe ta bankaɗo a 2002 ya ƙara dagula lamarin: iyaye da dama suka janye amana, diyyar da aka biya waɗanda aka zalunta kuma ta kai wasu rassan cocin ga bayyana karyewar arziki.

Wanda yake son ganin abin da aka rasa, ya dubi makarantar Blessed Sacrament da ke Bronx a New York. A nan Sonia Sotomayor, 'yar iyayen da suka fito daga Puerto Rico, ta yi firamare kafin ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli. An rufe makarantar a 2013. Malaman shari'a biyu, Margaret Brinig da Nicole Garnett, sun bi diddigin irin wannan rufewa a Chicago, suka wallafa littafi a 2014 inda suka nuna cewa unguwar da ta rasa makarantarta takan rasa haɗin kai tsakanin maƙwabta, laifuka kuma su fi yawa a cikinta. Wato asarar ta shafi har waɗanda ba su taɓa sa ɗa a makarantar ba.

Makarantar bayan gari tana da nata lissafin. Iyaye biyu duk suna aiki, kuɗin rainon yaro a gidajen raino yana da tsada, don haka ajin 'yan shekara uku da huɗu da ke buɗe tun safe har yamma ya zama abin nema. Shugabannin makarantun sun gane cewa yaron da ya shigo nazare ya saba da malamai, da wuya a cire shi idan ya isa aji ɗaya. Annobar korona ta fito da wannan fili. A zangon 2020 zuwa 2021 ɗalibai sun ragu da kashi 6.4 cikin ɗari, makarantu sama da 200 suka rufe ko aka haɗe su. A zango na gaba adadin ya ƙaru da kashi 3.8, karo na farko cikin kusan shekara ashirin, kuma mafi yawan ƙarin daga nazare ya fito. Makarantun Katolika da yawa sun riga na gwamnati komawa aji, iyaye kuma sun lura. Kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar ba ma ɗan ɗariƙar ba ne. Tarbiyya da ladabi iyayensa suke saye.

Yanzu fatan cocin ya koma kan tallafin gwamnati da ke bin yaro duk makarantar da iyayensa suka zaɓa. Kotun Ƙoli ta halatta shi a wata shari'a daga birnin Cleveland a 2002, ta ƙara faɗaɗa shi a 2020 da 2022, sannan Arizona a 2022 da Florida a 2023 suka buɗe shi ga kowane yaro ba tare da duba arzikin iyaye ba. Masu suka suna cewa ana rage wa makarantun gwamnati ƙarfi, kuma suna da hujja, domin a Arizona yawancin waɗanda suka fara neman tallafin da ma ba sa makarantar gwamnati. Idan aka raba kuɗin ba tare da fifita mabuƙata ba, makarantar bayan gari ce za ta ƙara azuzuwa, ita kuwa ta tsakiyar birni da aka riga aka sayar da gininta ba ta da inda za ta karɓi yaro. Bishop-bishop da 'yan majalisar jihohi ya kamata su fara da makarantun unguwannin talakawa da har yanzu suke buɗe, tun kafin su ma a sa musu kwaɗo.