Gidan da Ake Ƙerawa a Masana'anta: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A farkon 2020, lokacin da korona ta ɓarke a birnin Wuhan na ƙasar Sin, an tayar da asibitin Huoshenshan mai gado 1,000 cikin kwana goma. Ba bulo aka yi ta jerawa ba. Ɗakuna ne da aka riga aka ƙera a masana'anta, aka kwaso su a manyan motoci, aka jera, aka ɗaure.

Haka salon yake. Bango, rufi, matakala, wani lokaci har banɗaki da famfonsa, duk can ake yin su. Ana haƙa harsashi a fili, ana zuba bango a masana'anta, aiki biyu na tafiya tare. Damina ba ta tsayar da aiki, siminti da rodi kuma ba sa salwanta kamar yadda aka saba. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: falwayar kankare da bututun kwalbati ai ba a bakin titi ake zuba su ba.

Sai dai saurin kada ya ruɗe ku. Ƙarfin irin wannan gini yana wurin mahaɗa, inda bango ya gamu da bango. A watan Mayun 1968, gas ya fashe a hawa na 18 na benen Ronan Point mai hawa 22 a Landan, wanda da irin wannan salon aka gina shi. Bangon waje ɗaya ya fice, kusurwar ginin ta rufta daga sama har ƙasa, mutum huɗu suka mutu. Zanen mahaɗan bai da ƙwari, kuma da aka rushe ginin a 1986, an tarar aikin ɗaurin ma na ha'inci ne. Wannan hatsari ya sa Ingila ta gyara dokokin gininta.

Batun kuɗi kuwa, sauƙin yana zuwa ne idan gidaje masu yawa iri ɗaya za a yi, kamar rukunin gidajen ma'aikata ko ajujuwan makaranta. Mai gida ɗaya, wanda tirela da injin ɗaga kaya ba sa shiga lungunsa, zai iya kashe fiye da na birkila. Kuma ba a sauya ra'ayi a tsakiyar aiki, a ce a matsar da taga.

Idan ɗan kwangila ya kawo muku wannan tayi, ku nemi injiniya mai rajista ya duba zanen mahaɗan kafin ku biya ko sisi.