Sabuwar kwamfuta a hannun ɗan lakol: da me zai yi rubutu?

Kaka ta yi, an yanke gero, makarantu kuma sun buɗe ƙofofinsu. A irin wannan lokaci ne uba kan sayar da wake ko rago, ya haɗa da gudummuwar ɗan'uwa da ke birni, ya saya wa ɗansa ko ɗiyarsa kwamfutar nan da ake ɗauka cikin jaka, wadda ƴan lakol ke kira ordinatar. Ɗalibin da ya shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, ba zai daɗe ba malami zai ce a kawo masa aiki bugagge, ba rubutun hannu ba. To, kwamfuta ita kaɗai ba ta rubutu. Sai an zuba mata manhaja, wato lojisiyel, wadda da ita ce ake tsara takarda, a gyara, a ajiye, a kai wurin bugawa. Zaɓen wannan manhaja shi ne abin da iyaye da yawa ba su tuna da shi ranar ciniki, alhali kuwa shi ke iya tsayar da aikin yaro ana gobe za a karɓa.

Ga inda ake fara tuntuɓe. Sabuwar kwamfuta mai Windows sau da yawa takan zo da alamar Word a kan fuskarta, mai saye ya ɗauka an haɗa masa da ita cikin kuɗin da ya biya. Galibi ba haka ba ne, ɗanɗano ne kawai na wata guda. In wa'adin ya cika ba a biya ba, yaro yana iya buɗe takardarsa ya karanta, amma ba ya iya ƙara ko harafi ɗaya. Tsohuwar ƙaramar manhajar nan WordPad, da mutane suka saba fakewa da ita, kamfanin Microsoft ya cire ta daga Windows 11 a shekarar 2024. Don haka tun a kanti ya kamata a tambayi mai sayarwa: wannan Word ɗin biyayye ne ko na gwaji, kuma da sunan wa aka yi rajistarsa?

Word ba baƙo ba ne. Ya fito tun 1983, kuma shi ne ma'aikatanmu suka fi sani a ofisoshi. Hanya biyu ake mallakarsa. Ta farko haya ce, mai suna Microsoft 365, ana biya wata-wata ko shekara-shekara. A 2025 kuɗin mutum ɗaya a Faransa ya kai yuro 99 a shekara, wato wajen jika 65 na kuɗinmu. Ta biyu saye ne gaba ɗaya: Office 2024 na gida an sa masa yuro 149, kusan jika 98, don kwamfuta ɗaya, kuma kamfanin zai ci gaba da kula da shi har watan Oktoba na 2029. Duka biyun akan biya su ta intanet da katin banki, abin da ba kowane magidanci ke da shi ba. Akwai makarantun da suka yi yarjejeniya da kamfanin, ɗalibansu na samu kyauta da adireshin makaranta, saboda haka ɗalibi ya tambaya a sakatariya kafin a fitar da ko dala.

Kowa ya san hanya ta uku, ba sai mun ɓoye ba. Mai gyara a bakin kasuwa zai ce a ba shi ɗan abin goro ya zuba Word na sata. Araha dai ba ta ado. Irin wannan kwafi yakan zo da ƙwayar cuta a ɓoye, tun da sai an kashe mai gadin kwamfutar kafin a zuba shi, kuma yana iya kullewa ranar da aka sabunta Windows. Wanda ya sayar da ragonsa bai cancanci a mayar masa da sabuwar na'ura majinyaciya tun makon farko ba.

A ganinmu, abin da ya fi dacewa da yawancin ƴan makaranta shi ne LibreOffice. Manhaja ce ta kyauta, halal, ba gwaji ba wa'adi. Ta samo asali ne daga OpenOffice a shekarar 2010, kuma wata gidauniya da ke Jamus, The Document Foundation, ke riƙe da ita tare da masu aikin sa kai na ƙasashe da dama. Sashenta na rubutu sunansa Writer. Tana kuma da Calc na lissafi da Impress na nuna darasi a bango. Girman kayan zubawarta bai kai rabin giga ba, kuma an yarda mutum ɗaya ya sauko da ita, ya sa a kile, ya raba wa ajinsu duka. Da zarar an zuba, ba ta neman rezo. Tana magana da Faransanci, tana duba kuskuren rubutu, ana iya ƙara mata Grammalecte mai duba nahawun Faransanci, shi ma kyauta. Abin da kundin kammala karatu ke bukata, wato lambar shafi, bayanin ƙasan shafi, jadawali, da jerin babi-babi mai haɗa kansa, duk akwai su. Aibinta shi ne maɓallanta ba su zauna daidai inda na Word suke ba, wanda ya saba da wancan zai yi kwana biyu yana lalube.

Google Docs kuwa, wanda ya bayyana a 2006, kyauta ne, kuma ba shi da na biyu wajen aikin haɗin gwiwa: ɗalibai huɗu na iya rubutu cikin takarda ɗaya, kowa daga ɗakinsa, kuma ko an sace kwamfutar aikin yana nan. Amma gidansa intanet ne. Ana iya shirya shi ya yi aiki ba rezo, sai dai sai an yi shirin tun da wuri. Word ma yana da irin wannan na kyauta a intanet, da sharaɗi iri ɗaya. Yaron da zai koma ƙauye hutu, ko wanda forfe ke ƙare masa tsakiyar wata, kada ya jingina kundinsa duka a nan. WPS Office na kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin yana kama da Word ƙwarai, amma na kyautarsa yana zuwa da talla.

Sai tambayar da ke tsorata iyaye: in malami da Word yake aiki, zai iya buɗe abin da aka rubuta da Writer? Zai iya. Kowace manhaja tana da irin ƙunshin da take ajiye takarda a ciki. Na Word tun 2007 shi ne docx, na Writer kuma odt, amma Writer yana buɗe docx, yana kuma ajiyewa da shi in an zaɓa a wurin ajiya. Rubutu ba ya ɓacewa. Abin da kan goce shi ne tsari: hoto ya matsa, jadawali ya tsallaka wani shafi. Sau da yawa dalili shi ne zanen haruffa. In an yi rubutu da zanen da babu shi a kwamfutar malam, sai tata ta musanya da wani mai faɗi dabam, layuka su rushe. Maganinsa shi ne a tsaya kan Times New Roman ko Arial, waɗanda ke cikin kowace Windows. Takardar da za a kai gidan bugawa kuwa, ko wadda malami zai karanta kawai ba zai gyara ba, a mayar da ita PDF. Shi PDF kamar hoton shafi ne, yadda ya fita daga hannunka haka zai isa.

Akwai wata magana da ta shafi masu karanta wannan shafi musamman. Tsofaffin ma'aikata sun tuna zamanin keken rubutu, lokacin da sakatare kan buga k da d da b, sa'an nan ya bi da bik yana sa musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Yau da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, bai kamata yaro ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" ba, ko "bata" a wurin "ɓata". Duk manhajojin da muka ambata suna karɓar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Wahalar tana wajen shigar da su, tun da ba a zana su kan maɓallai ba. Ana samunsu cikin jerin haruffa na musamman da kowace manhaja ke da shi. Windows yana da tsarin maɓallan Hausa cikin harsunansa. Ƙungiyar SIL ma tana ba da Keyman kyauta, tare da zanen haruffa irin su Charis da Andika, wanda aka yi shi musamman don masu koyon karatu. Kuma in manhaja ta ɗauka Faransanci ake rubutawa, za ta ja jan layi ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, har ta yi karambanin gyara wasu. Sai a gaya mata harshen takardar, ko a kashe mai gyaran.

A duba maɓallan ma kafin a biya. Kwamfutocin da ke shigowa ta Nijeriya yawanci jerinsu na Ingilishi ne, mai farawa da QWERTY, babu é, è da ç a kansa, alhali yaronmu da AZERTY zai fi saurin buga Faransanci. Ana iya sauya tsarin daga cikin Windows, amma abin da ke rubuce a kan maɓalli ba zai dace da abin da ke fita ba, sai an manna ƴan takardun haruffa.

Saura wuta. Batir yana riƙe kwamfuta in an ɗauke, amma yana tsufa, zafin bazara kuma yana gaggauta masa. Word da Writer duka suna ajiye kwafin ceto duk minti 10, ana kuma iya rage lokacin zuwa 5. Ban da wannan, yaro ya saba da danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi, kowane maraice kuma ya kwafe aikinsa a kile, ya ajiye kilen a aljihu ko a akwati, ba cikin jakar da kwamfutar take ba.