"Draconian": Sunan mutumin Girka da ya koma tambarin dokar zalunci

Duk matashin da ke bin labaran Turanci a wayarsa, a Kwanar Ɗangora yake ko a Tudun Wada, zai yi wuya bai taɓa cin karo da kalmar "draconian" ba. Ta fi fitowa a lokacin da gwamnati ta kafa wata sabuwar doka, 'yan adawa ko ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi mata caa.

Asalinta sunan mutum ne. Draco wani mai tsara doka ne a birnin Atina na ƙasar Girka, wanda wajen shekara ta 621 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya rubuta wa birnin dokokinsa na farko. An ruwaito cewa kusan kowane laifi hukuncinsa kisa ne, har satar kayan lambu da zaman kashe wando. Shi ya sa wani mai jawabi na birnin, Demades, ya ce da jini aka rubuta dokokin, ba da tawada ba. Wajen shekara ta 594, Solon ya soke su, ya bar na kisan kai kaɗai.

Bahaushe ma yana da irin wannan salo. Kamar yadda ya ɗauki sunan Fir'auna ya samar da "Fir'aunanci", haka Bature ya yi da sunan Draco.

A Najeriya, ɗaya daga cikin dokokin da aka fi liƙa wa kalmar ita ce Dokar Soja Mai Lamba 4 ta 1984, zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari. Da ita aka ɗaure 'yan jaridar The Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda kan wani labari game da naɗin jakadu. Janar Ibrahim Babangida ya soke ta bayan ya karɓi mulki a watan Agustan 1985.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen fassara. Sau da yawa akan ce "doka mai tsauri" kawai, alhali tsauri ba lallai ne ya zama aibu ba. Malamin makarantar allo a Kiru ko Bebeji wanda ba ya ɗaukar wargi, iyaye ma yaba masa suke yi. Shi Bature "strict" zai ce masa. Amma "draconian" zargi ce: ana nufin hukuncin ya fi ƙarfin laifin. Fassarar da ta fi kusa ita ce "dokar da ta wuce gona da iri" ko "dokar zalunci".

Saboda haka idan mai karatu ya gan ta a kanun labari, ya duba bakin wa ta fito. Gwamnati ba ta kiran dokarta da wannan suna. Wanda dokar ta taɓa ne ke kiranta haka.