Shibra, Gawo da Ƙuduji: Abubuwan Mamaki a Gonakin Gobir

Manomin Turba ta ƙasar Gobir ya san shibra, kuma ba ya ƙaunarta. Tare take tsira da gero, ganye iri ɗaya, sai an fid da kai asirinta ke tonuwa: zangarniya 'yar siririya mai gashi, tsaba ƙanana, da ta nuna sai ta zube ƙasa tun kafin a zo girbi. Kama da wane ba ta wane. Amma fa 'yar gida ce. Ruwa biyu ce tsakanin geron da muke shukawa da geron daji, kakansa. Gero yakan fid da zaren macen furensa kafin bununinsa ya nuna, don haka yawanci bununin maƙwabci iska ke kawo masa, kuma iska ba ta tambayar asali. Ko inda geron dajin ya ƙare, jininsa na nan yana yawo cikin irin da ake ajiyewa a rumbu. Duk da zagin da take sha, da yake tana riga gero nuna, ita ke fid da gidaje da yawa kunya a watan da rumbu ya yi ƙasa.

Geron dajin ma ba ɗaya ba ne. Masu binciken ƙwayoyin gado sun same shi zuriya uku: ta yamma wajen Senegal, ta tsakiya a Mali da Nijar, da ta gabas a Chadi da Sudan. Binciken da aka fitar a 2018 ya nuna daga yammacin Sahara geron gida ya bazu, shekara kusan 4,900 da suka wuce, yana tafe yana auratayya da na dajin da ya taras a hanya. A kwarin Tilemsi na Mali an tono shaidar noman gero mai shekara 4,500. Ƙwayoyin gadonsa kuwa, da aka ƙidaya a 2017, sun haura 38,000. Ɗan Adam bai wuce 20,000 ba. Fura ba ta raini ba ce.

Ga wani abin mamaki daga tsallaken iyaka. An gwada irin geron da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tarawa a ƙauyukan nan a 2003. Sunayen irin kusan suna nan yadda suke, amma na 2003 ya fi saurin fid da kai, zangarniyarsa kuma ta ɗan gajarce. Farin 1973 da na 1984 da gajeruwar damina sun yi tankaɗe, manoma kuma sun ci gaba da zaɓen kan da ya tsira.

Shinkafar daji, wadda mai fadama ke tugewa yana tsaki? Daga wani irinta na Mali aka samo ƙwayar gado mai suna Xa21, mai kare shinkafa daga cutar ƙunar ganye. An ware ta a jami'ar Kalifoniya a 1995, yau tana cikin shinkafar da ake nomawa a Asiya.

Gawo kowa ya san baƙin halinsa mai amfani: ya zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Abin da ba a cika sani ba shi ne, gawon Afirka ta Yamma ya fi na gabashi da kudancin nahiyar yawan bambanci a jininsa. Da aka dasa su wuri guda a Sahel, baƙin sun yi zaram sun wuce namu tsawo, namu kuwa ya duƙufa tura saiwa ƙasa. Da rani ya tsananta, baƙin ne suka fi mutuwa. Haka aka gani ga ƙirya a Nijar: irin da aka ɗebo daga wurare masu ƙarancin ruwa ya fi jurewa. Shi ya sa na fi yarda da dabarar Maradi, wadda Tony Rinaudo ya yaɗa tun 1983, ta barin kututturen gona ya sake toho a yi masa sassabe, a kan jiran dashen leda da ba a san garin uwarsa ba.

Kuka ma haka: wata miyarta daɗi, wata ɗaci, kuma matan gari sun san kowace da wurinta.

Sai ƙuduji, wato wuta-wuta, mai fure ja-ja da ke shanye gero tun daga saiwa. Shi ma ƙabila-ƙabila ne. Akwai wanda ya fi kama gero, akwai na dawa. Tsabarsa kamar ƙura take, tana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 tana jiran saiwar da za ta tashe ta. Na wake ya fi rikici, don an ƙidaya masa zuriya aƙalla biyar a Afirka ta Yamma. Wani wake daga Botswana, B301, ya gagari wanda ke addabar Najeriya da Nijar, har masana suka riƙa haɗa shi da namu. Da aka kai shi Zakpota a Jamhuriyar Benin, ƙudujin can ya kama shi.