Zaɓen 12 Ga Oktoba: 'Ya'yan Arewa Biyu A Takara, Da Me Za Mu Auna Su?

 Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'yan uwa da yawa sun tambaye mu a majalisun karatu game da zaɓen shugaban ƙasa na ranar Lahadi 12 ga Oktoba, 2025, cikin watan Rabi'us Sani. Mafi yawan tambayar ita ce: Malam, Isa ko Bello? Ba za mu ambaci sunan wanda za ku zaɓa ba, domin mumbari na jama'a ne baki ɗaya, kuma a sahu guda akwai ɗan RDPC da ɗan UNDP da ɗan FSNC. Abin da ya hau kanmu shi ne mu bayyana yadda zaɓen yake gudana, da su wane ne a ciki, da ma'aunin da Musulmi zai riƙe.

Mu fara da dokar, domin wanda bai san ta ba zai yi lissafi a kan kuskure. A Kamaru zagaye ɗaya ake yi. Duk wanda ya fi yawan ƙuri'a, ko da bai kai rabi ba, shi ne shugaba na shekara bakwai. A Senegal akan koma zagaye na biyu idan babu wanda ya haye rabi, mu kuwa ba mu da wannan. Dattawa suna tuna Oktoban 1992, lokacin da aka ba Paul Biya kusan kashi 40 cikin ɗari, John Fru Ndi kusan 36, Bello Buba Maigari kusan 19. Ke nan mutum shida cikin goma sun zaɓi wani dabam, amma kujera ta zauna inda take. A shekarar 2008 kuma aka gyara tsarin mulki aka cire iyakar wa'adi, shi ya sa shugaban da ya hau tun 6 ga Nuwamba, 1982, ya nemi wa'adi na takwas a 2025 yana da shekara 92.

Mutum 83 suka kai takardu hukumar zaɓe ta ELECAM, 12 suka rage bayan Majalisar Tsarin Mulki ta gama duba ƙararraki. Maurice Kamto, wanda ya zo na biyu a 2018, ba ya cikinsu. Cire shi ne ya juyo da idon ƙasa gaba ɗaya zuwa Arewa. Masu rajista sun kai kimanin miliyan 8, kuma jihohinmu uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, suna riƙe da kusan ɗaya cikin uku na wannan adadi. Shekara da shekaru nan ne rumbun ƙuri'ar jam'iyya mai mulki. Ku lura, a 2018 a Marwa shugaban ƙasa ya yi gangaminsa, a 2025 ma a Marwa ya yi shi ranar 7 ga Oktoba. Mai neman ruwa ya san inda rijiya take.

Isa Tchiroma Bakary ɗan Garwa ne, injiniyan jirgin ƙasa a asalinsa. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu, 1984, wanda ya jawo aka kashe wasu 'ya'yan Arewa aka ɗaure da yawa, shi ma ya yi shekaru a kurkuku. Ya riƙe ma'aikatar sufuri daga 1992 zuwa 1996, ya kafa FSNC a 2007, ya zama ministan sadarwa kuma kakakin gwamnati daga 2009 zuwa 2019, sannan ministan samar da aiki da koyar da sana'a har ya ajiye a watan Yunin 2025. Ya yi alkawarin mulkin riƙon ƙwarya na 'yan shekaru da sake duba tsarin ƙasa, har da batun tarayya. Ya kuma nemi gafarar mutanen yankin masu Turancin Ingilishi kan maganganun da ya yi yana kakaki. Taronsa ya riƙa cika, wannan kowa ya gani da idonsa.

Bello Buba Maigari daga Basheo yake, a nan ƙasar Binuwai. Shi ne firaministan farko na Biya, daga Nuwamban 1982 zuwa Agustan 1983, daga baya ya yi gudun hijira a Najeriya. A zaɓen majalisa na Maris 1992 jam'iyyarsa UNDP ta ci kujeru 68 cikin 180, ƙarfin da wata jam'iyyar adawa ba ta sake samu ba. A 1997 ya ƙulla ƙawance da gwamnati, ya zauna cikinta fiye da shekara 25, muƙaminsa na ƙarshe shi ne ministan yawon buɗe ido. Akere Muna da Ateki Seta Caxton sun janye sun mara masa baya. Akwai kuma Cabral Libii na PCRN, wanda ya zo na uku a 2018, da Joshua Osih na SDF, da Tomaino Ndam Njoya ta UDC, magajiyar garin Fumban, mace ɗaya tilo a jerin.

To, ga inda muke so a tsaya a yi tunani. Ana ta cewa lokacin Arewa ya yi, a zaɓi ɗan gida. Muna fahimtar zafin da ke bayan wannan magana. Ahmadu Ahidjo, ɗan wannan gari, ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba, 1989, kuma har yau kabarinsa yana can, wannan ciwo ne da bai warke ba a gidaje da yawa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ɗan gida bai taɓa ƙarewa a Yawunde ba. Cavaye Yeguie Djibril, ɗan Arewa Mai Nisa, ya hau kujerar shugaban majalisar dokoki tun 1992. Ministoci daga jihohinmu ba su ƙirguwa, ciki har da waɗannan biyun da suka nemi ƙuri'armu a 2025. Duk da haka binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2021 zuwa 2022 ya nuna kusan mutum bakwai cikin goma a Arewa Mai Nisa talakawa ne, a jihar Arewa kimanin shida cikin goma, alhali a ƙasa baki ɗaya ba su kai huɗu ba. Da zama ɗan gida yana maganin talauci, da tuni mun warke.

Malamanmu na fiƙihun shugabanci sun tsaya a kan abu biyu, ƙarfi da amana. Ibnu Taimiyya ya gina littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya a kansu. Ƙarfi yana nufin iya aikin: lafiya, sanin halin mutane, ikon yanke hukunci da bin sa har ya tabbata. Amana kuwa ita ce mutum ya riƙe dukiyar jama'a da alkawarinsu ba tare da ha'inci ba. Wannan ma'auni ba ya tambayar ƙabila, kuma yana hawa kan kowa. Mai shekara 92 a tambaye shi batun ƙarfi, a tambaye shi me ya hana cikin shekara 43. Waɗanda suka zauna a teburinsa shekaru masu yawa sannan suka tashi wata huɗu kafin zaɓe, a tambaye su me suka yi da ma'aikatun da aka ba su, kuma yaushe suka gane abin da suke faɗa yanzu. Ƙofar tuba a buɗe take ga kowa, ba mu da ikon rufe ta. Sai dai mai ba da ajiya yana da haƙƙin ya bincika kafin ya miƙa. Matasan 'yan takara kuma, da ba su taɓa riƙe ma'aikata ba, a tambaye su da waɗanne mutane za su yi aikin.

Abubuwan da za a yi tambaya a kansu ba ɓoyayyu ba ne. Jirgin ƙasa ya tsaya a Ngaundere tun 1974, daga nan duk kayan da za su zo Garwa, su wuce Marwa da Kuseri har Njamena, a kan titi ɗaya suke bi. Direban tirela ya san halin titin nan fiye da kowane minista. An sanar da bashin Bankin Raya Afirka don sake gina sashen Ngaundere zuwa Garwa, muna jiran ganin kwalta. Sashen Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri kuwa, tun da aka sace ma'aikata 'yan Sin goma a Waza a watan Mayun 2014 aikin ya shiga tangal-tangal. Kowane rami a wannan hanya yana ƙara wa buhun siminti da shinkafa kuɗi kafin su iso kasuwarmu.

Wutar lantarki ma haka. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 an gina ta ne don megawat 72, ita ce uwar wutar jihohi uku, ga yawan jama'a ya ninka, ga yashi ya cika tafkin, idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. An ƙara tashoshin hasken rana a Gider da Marwa, sun rage zafi. Amma babbar madatsar Nachtigal mai megawat 420 tana Kudu, kuma layin wutar Kudu bai haɗu da na Arewa ba tukuna. Duk ɗan takarar da ya ce zai kawo masana'antu Garwa, garin da Sodecoton ke da hedikwata, garin da audugarsa ke fita ɗanya zuwa ƙasashen waje, sai a ce masa ya fara da bayanin yaushe wannan layi zai iso.

Tsaro ba ya bukatar dogon bayani ga mutumin Mayo-Tsanaga ko Mayo-Sava, inda Boko Haram ta tashi ƙauyuka tun 2014, ko ga makiyayin Tuboro da Adamawa da ya sayar da garkensa don fansar ɗansa. Tsadar rayuwa kuma ɗan acaɓa zai ba ku lissafinta: litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta koma 840 a 2024, kuma zuwa-zuwan da ake dogaro da shi ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafin mai.

Akwai wata matsala da ba ta cika samun tafi a dandalin gangami ba, mu kuwa a wajenmu tana gaba, ita ce takardar haihuwa. Dubban yaranmu suna kai wa ajin ƙarshe na firamare a hana su jarrabawa saboda ba su da ita. Wanda ba shi da ita zai sha wuya kafin ya sami katin ɗan ƙasa, kuma wanda ba shi da kati, ƙofar aikin gwamnati da ta banki a rufe suke gare shi, ga wahalar shingen jami'an tsaro a hanya. A nan laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Uban da ya yanka ragon suna ya tara gari, amma bai taka ofishin magajin gari ya rubuta ɗansa ba, ya tauye wa yaron haƙƙi. An buɗe Jami'ar Garwa a 2022, mun yi murna, to wa zai shige ta in yaro ya tsaya tun daga firamare?

Wasu matasa masu kishin addini suna tambaya ko jefa ƙuri'a ya halatta a ƙasar da ba a mulki da Shari'a. Abin da muke kai, kuma shi ne fatawar da yawa daga malaman wannan zamani, shi ne ya halatta don jawo maslaha da rage ɓarna, domin ƙaurace wa akwati ba ya hana a naɗa shugaba a kanka. Idan kuwa ka shiga, ka sani ƙuri'a shaida ce. Tsarinmu yana da wata kafa da masu sayen ƙuri'a ke amfani da ita: kowane ɗan takara da takardarsa dabam, ka ɗauki duka, ka sa ɗaya a ambulan, ka zubar da sauran. Sai wani ya ce ka fito masa da ragowar a aljihu don ya tabbatar ka zaɓi nasa, ya ba ka jaka biyu. Wannan sayar da shaida ne, kuma jaka biyu a kan shekara bakwai ba ta kai sefa ɗaya a rana ba. A kula kuma, waɗanda suka janye an riga an buga takardunsu, mai yiwuwa ku same su a kan tebur.

Mu ja kunnen juna kan harshe. Arewa ta Musulmi ce da Kirista da sauransu, akwai Fulani da Hausawa da Kanuri da Larabawan Shuwa da Kotoko da Tupuri da Mafa da Gbaya da Fali. Mun ga abin da ya faru a Logone da Shari a 2021, rikicin ruwa tsakanin Musgun da Shuwa ya kai ga kisa har cikin Kuseri, dubbai suka tsallaka Chadi. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp yana zagin wata ƙabila, ko yana kafirta Musulmi saboda jam'iyyarsa, wanda ya tura shi gaba yana da kaso a zunubinsa.

Ranar zaɓe rumfuna suna buɗewa ƙarfe 8 na safe su rufe ƙarfe 6 na yamma, wanda ya kai shekara 20 kuma ya yi rajista shi ke jefawa. Ana ƙirga a rumfar nan take, a bainar jama'a, kuma wakilin kowane ɗan takara yana da haƙƙin ya sa hannu ya karɓi kwafin takardar sakamako, wadda ake kira PV. Idan an yi jayayya, ta hannun ELECAM ake ɗauka, saboda haka wakili ya karanta lambobin da kyau kafin ya sa hannu, kada ya sa a kan takarda fara don yana saurin zuwa Magariba. Mai ƙorafi yana da awa 72 ya kai ƙara, kuma Majalisar Tsarin Mulki ce kaɗai doka ta ba ikon bayyana sakamako, cikin kwana 15 bayan rufe rumfuna. Kwanakin nan 15 su ne muka fi jin tsoro ga 'ya'yanmu, don haka limamai da masu unguwanni su fara magana da matasa tun daga wannan Juma'a. Allah Ya kai mu lafiya.