Fiyano: Layuka Biyar da Yatsu Goma

A Kano idan aka ce kiɗan fiyano, hankali kan tafi ga waƙoƙin fim da matashin da ke zaune a sitidiyo gaban Yamaha yana haɗa sauti. Wannan na lantarki jika ne. Kakansa wani maƙerin kayan kiɗa ne ya ƙera shi, Bartolomeo Cristofori, a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700. Dabararsa ita ce guduma: ka danna madanni, wata 'yar guduma ta tashi ta bugi waya ta koma nan take. Ka taɓa a hankali sauti ya fito a hankali, ka danna da ƙarfi ya yi ƙara. Uku daga cikin fiyanon da ya ƙera suna nan har yau, kuma na 1720 yana gidan tarihi na Metropolitan a New York.

Cikakken fiyano yana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36, kuma yawan nan shi ke fara karya gwiwar sabon shiga. Alhali sautuka goma sha biyu ne kacal suke ta maimaita kansu. Dubi baƙaƙen, za ka ga a jere suke biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke hagun kowane baƙaƙe biyu shi ne C. Daga shi sai D, E, F, G, A, B, sannan wani C ɗin, wanda wayarsa ke girgiza ninki biyu na na farko. Sautin A da ake daidaita kayan kiɗa da shi yana girgiza sau 440 a daƙiƙa, A na samansa sau 880. Shi ya sa namiji mai kaurin murya da mace mai siririyar murya za su rera waƙa ɗaya, kunne ya ji sun dace. In kana son gwaji, buga baƙaƙen su kaɗai. Sautuka biyar ne, kuma ba za su yi wa kunnen Bahaushe baƙunta ba, don karin waƙoƙin gargajiya da dama a kan biyar ɗin yake tafiya.

Rubutun kiɗa kuwa, da wuya a ba da tarihinsa ba a ambaci Guido na Arezzo ba, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11. Daga koyarwarsa aka samo do, re, mi ɗin da mawaƙan coci a Jos da Kaduna ke koyon waƙa da shi. Takardar kiɗa abu biyu take faɗa maka: wane sauti, kuma tsawon wane lokaci.

Na farkon, wurin zaman alama ne ke nuna shi. Layuka biyar ne da gurabe huɗu a tsakaninsu, kuma duk alamar da ta ƙara hawa, sautinta ya ƙara sirancewa. Mai fiyano jeri biyu yake karantawa lokaci guda, na sama yawanci na hannun dama, na ƙasa na hagu, C na tsakiyar fiyano kuma yana zaune tsakaninsu a kan ɗan guntun layi nasa. A jerin sama, layukan daga ƙasa su ne E, G, B, D, F. Haddarsu ba laifi, amma ni na fi ganin amfanin mutum ya riƙe wurare biyu ko uku, sauran ya bi taki: daga layi zuwa gurbin da ke binsa, farin madanni na gaba ne, daga layi zuwa layi, ka tsallake ɗaya.

Na biyun kuwa siffar alama ce. A awon da aka fi amfani da shi, mai bugu huɗu-huɗu, da'ira mara ciko bugu huɗu ce. In an sa mata sanda ta zama biyu, in an cike ta da baƙi ta zama ɗaya, in sandar ta sami wutsiya ta koma rabi. Wanda ya tashi yana jin kalangu da tafin gaɗa ya riga ya san wannan a jikinsa, ido ne kawai bai saba ba. Ya fara tafa waƙar kafin ya taɓa madanni.

Yatsu ma lamba gare su, babban yatsa 1, ƙaramin 5, a kowane hannu. A lanƙwasa su kamar an riƙe lemo, a koyi hannu ɗaya-ɗaya, a hankali ƙwarai, sannan a haɗa. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Fiyanon lantarki mai madannai 61 ya ishi mai koyo, in dai yana bambance taɓi mai taushi da mai ƙarfi.

Sai dai na lantarkin yana da tarko. Akwai maɓallin da ke ɗaga ko sauke sautin gaba ɗaya, akwai kuma wanda ke zuba ganga da rakiya da kansa. Da su mutum zai shekara yana buga kowace waƙa daga C, hannun hagu na dannan yatsa ɗaya. Ranar da aka zaunar da shi gaban fiyanon katako, mawaƙiya ta ce a ɗaga mata kaɗan, babu maɓallin da zai cece shi. A watannin farko gara a kashe su duka biyun.