Haƙoran dinozor: hajar da ke iya kai ɗan kasuwa gaban alƙali

Ƴan kasuwa da mata masu sana'a na Filinge da kewayen Kurfey, yau za mu yi magana a kan wata haja wadda ba a saba ganinta a kasuwarmu ta Lahadi ba, amma tana da masu saye har Turai da Amurka. Wannan haja ita ce haƙoran dinozor.

Dinozor wasu dabbobi ne da suka ƙare a duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, ƙasusuwansu suka zama dutse. Allah ya albarkaci Nijar da su, musamman jihar Agadas. A Gadufawa ne wani masani Ba'amurke mai suna Paul Sereno ya tono Suchomimus, ya bayyana shi ga duniya a 1998. Tsawonsa ya kai mita 11, bakinsa kamar na kada, haƙoransa fiye da 100, da su yake kamun kifi. Akwai kuma Carcharodontosaurus mai cin nama, wanda haƙorinsa ke da kaifi kamar wuƙa, gefensa kamar zarto.

Me ya sa haƙori ya fi yawa a hannun dillalai? Saboda waɗannan dabbobi suna zubar da haƙora, wasu su tsiro, har ƙarshen rayuwarsu. Ga shi haƙori ya fi ƙashi ƙwari, kuma yana shiga aljihu. Masu kuɗi na tara su don ado, har a 2020 an sayar da ƙasusuwan wani dinozor mai cin nama a Amurka kan dala miliyan 31.8.

To, a nan ne kwaɗayi ke shigowa. Ƙasar Nijar tana da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta hana tono ko fitar da kayan tarihi ba da izinin hukuma ba. A farkon 2005 ƴan duwan na Faransa sun kama kaya 845 a filin jirgin sama na Roissy, an ɗauko su daga Nijar za a kai Beljiyam, cikinsu har da haƙoran dinozor. Mu ma a jihar Tilaberi mun ga irin wannan ɓarna, yadda aka wawashe tukwanen tarihi na Bura a yankin Tera.

Sai mu lura da abu biyu. Na farko, duwatsun da ke gefen Dallol Boso sun samu ne bayan ƙarewar dinozor, don haka wanda ya ce a bayan Filinge ya tono haƙori, a yi hattara da shi. Na biyu, akwai jabu. Yawancin haƙoran da ke kasuwar duniya daga Kem Kem ta Maroko suke fitowa, wasunsu guntaye ne aka haɗa da gam da yashi.

Saboda haka, direba ko ƴar kasuwa da aka ba ƙunshin "duwatsu" a kai Yamai, a buɗe a duba kafin a karɓa, domin wanda aka kama da kaya shi ne mai amsa tambaya. Wanda kuma ya tsinci irin wannan a arewa, ya bar shi inda yake, ya sanar da hukuma, don idan aka raba haƙori da wurinsa masana ba za su gane shekarunsa ba. Mai son gani ya kai yaransa gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, ƙasusuwan dinozor na can a ajiye domin kowa.